Sharhi: Wai Kuɗi Kaɗai Mata Ke So?

 

Ina gaishe ku mutanen Musawa da Jikamshi da Tuge da Dangani. Ina gaida maƙwabtanmu na Matazu da Malumfashi da Ƙanƙara, har zuwa Bakori da Funtuwa. Manoma, sannunku da fama. Iyayenmu mata da suka jingine rediyo kusa da murhu, sannunku da aiki. Yau maganar taku ce, don haka a ɗan ƙara murya.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun samari. Ka zauna a teburin mai shayi bayan isha'i, ko a inuwar da 'yan acaɓa ke jiran fasinja, ba za ka daɗe ba sai ka ji ta. Wai matan yanzu kuɗi kawai suke so. Wai idan aljihunka babu nauyi, ko kallo ba ka ishe su ba. Wani ma sai ya gyara zama ya ce ai gara matan Amurka, su so suke yi tsakani da Allah, ba ruwansu da abin hannunka.

Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma zan faɗi dalilina. Abin da mace ke nema a wurin namiji shi ne kwanciyar hankali. Tana neman wanda idan ta shiga gidansa, ba za ta riƙa kwana da fargaba ba. Kuɗi yana cikin lissafin, ba na musu. Amma yanki ne kawai. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta dawowa kansa.

Bari mu fara da Amurkar, tunda samari sun ambace ta.

Da yawanku za ku tuna ƙarshen shekarar 2020. A lokacin ne wata Ba'amurkiya ta taso takanas ta zo Kano, ta auri wani matashi da suka haɗu a Instagram. Labarin ya karaɗe gari. Tun daga nan wasu samarinmu suka sa rai. Ana ta sayen data, ana aika gaisuwa ga matan da ba a san ko su wane ne ba. To, aure ɗaya ne fa. Ba zai zama hujja a kan miliyoyin mata ba.

Su mutanen can suna da wata ɗabi'a. Ba sa barin gardama ta ƙare a majalisa, sai sun ɗauki takarda da biro sun bi mutane suna tambaya. A shekarar 2014, wata cibiyar bincike mai suna Pew ta tambayi Amurkawan da ba su taɓa aure ba, me suke dubawa a wurin abokin zama. A cikin mata 100, guda 78 suka ce yana da matuƙar muhimmanci mijin ya kasance da tsayayyen aiki. Kun ji fa, samari. Waɗannan su ne matan da kuka ce ba ruwansu da aljihu. Kuma yawancinsu suna aiki, suna karɓar albashinsu. Amma ku lura da kyau. Ba attajiri suka ce ba. Mai tsayayyen aiki suka ce, wanda za a iya dogara da shi.

Kafin wannan, a shekarar 1989, wani malamin jami'a mai suna David Buss ya fitar da sakamakon wani babban bincike. An tambayi mutane sama da 10,000 a al'ummomi 37 na duniya, har da Nijeriya a ciki. Ya tarar cewa kusan ko'ina mata sun fi maza damuwa da ko mutum zai iya riƙe gida. Maza kuma sun fi damuwa da kyau da ƙuruciya. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinmu. Abin da ya kamata mu ji shi ne abin da ya zo a sama. Maza da mata duka, kirki da fahimta da hankali suka sa a gaba. Dukiya tana baya.

Ba na cewa mu da su ɗaya muke ba. Ba'amurkiya takan kai kusan shekara 28 kafin auren fari. Ita ke zaɓa da kanta, sau da yawa ta manhajar waya. Za ta tambaya ko zai taya ta wanke-wanke, ko yana sa ta dariya, ko ra'ayinsu na siyasa ya zo ɗaya. Ita kuwa yarinyar Musawa, gida guda za ta shiga. Akwai uwar miji, akwai ƙannen miji, akwai faccaloli, kuma ta san wata rana ana iya yi mata kishiya. Tambayoyin sun bambanta. Amma abin da ake nema a ƙarƙashinsu guda ne. Shin hankalina zai kwanta a hannun wannan mutumin?

To, mu bar Amurka haka nan. Mu dawo gida.

Wasu suna cewa finafinai da wayoyi ne suka buɗe wa mata ido, har suka fara zaɓe. Wannan ma ban yarda ba. A nan kusa da mu, a yankin Zarewa, an yi wata mata da ake kira Baba ta Karo. An haife ta tun kafin zuwan Turawa. Da ta tsufa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a garin Giwa, aka buga shi littafi a 1954. Aurenta na fari na zumunci ne. Ta yi wa mahaifinta biyayya ta zauna, alhali zuciyarta tana wurin wani malami. Bayan 'yan shekaru ta fita, ta auri wanda take so, ta daɗe a gidansa. A lokacin babu rediyo, balle waya. Matan Hausa sun daɗe da sanin abin da suke so. Kunya ce ke hana su faɗa, mu kuma ba ma tambaya.

Da suka sami alƙalami kuwa, sai suka faɗa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka fara rubuta littattafai kan zaman aure. A Funtuwa ma muna da Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda ake kira Anti Bilki, mai littafin Allura Cikin Ruwa. An yi ta sukar irin waɗannan littattafai, wai suna hure wa 'yan mata kunne. Gaskiya ne, a yawancin littattafan soyayya namijin da ake yabo yakan zo da mota da gida mai bene. Amma duk wanda ya karanta ya san ba a kan motar marubutan ke daɗewa ba. Suna daɗewa ne a kan yadda yake magana da ita. Yadda yake sauraronta. Yadda yake tsaya mata a gaban danginsa. Matan da suka yi ta karɓar aron littattafan nan daga ɗaki zuwa ɗaki, wannan suke karantawa.

Yanzu ku biyo ni ƙofar gida, mu kalli zance.

Magariba ta wuce. Saurayi ya tsayar da babur. Ya sha shadda, hula ta zauna daram, turare kuwa tun daga nesa ake jin sa. Ya ƙwalla wa wani yaro kira, ya ce shiga ka ce ana sallama da wance. Ita kuma ta ɗauki lokacinta. Can sai ga ta lulluɓe da mayafi, ta tsaya a bakin zaure, kai a sunkuye, tana murza gefen mayafin da yatsa. Shi yana ta zuba. Zai yi kaza, zai sayi kaza, akwai wani kuɗi da yake jira daga Abuja. A ganinsa ba ta lura da komai.

Malam, ta lura. Ta ji yadda ka kira ƙanenta, da tsawa ko da lallashi. Ta ga lokacin da mahaifinta ya dawo daga masallaci, ko ka durƙusa ka gaishe shi, ko ka yi kamar kana amsa waya. Ta ga wayar ta yi ƙara ka yi sauri ka kife ta. Ta tuna ka ce za ka zo Alhamis, sai ga ka Asabar, ba ko uzuri. Ta ji yadda ka zagi tsohuwar budurwarka, ta san wata rana haka za a yi da ita. Babur ɗin kuwa, a gari irin namu ina asiri? Kafin ka isa gida yayanta ya gaya mata na wane ne.

Ku ji ni da kyau, samari. Da yawanku kuna cewa don talauci aka ƙi ku. Ku bincika. Sau da yawa don ƙarya ne. Yarinya mai hankali za ta iya zama da wanda ya ce mata, gonata kaza ce, ina ɗinki da rani, abin da nake samu ke nan. Wannan ta san inda ta dosa. Amma wanda ya fara da aron babur da aron riga, da me za ta auna sauran maganganunsa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da asiri ya tonu, hankalinta ya tashi ke nan, kuma da wuya ya sake kwanciya.

Iyayenmu suna da nasu ma'aunin. A da, saurayi yakan tara abokansa su je gayya gonar surukai. Mutane suna ɗauka aikin ne kawai ake so. A'a, kallon sa ake yi. Ya iya riƙe garma? Yana da jama'a? In rana ta take, shi ne na farkon neman inuwa? In an kawo fura, yakan tuna da na kusa da shi? Kafin la'asar an gama karanta shi. Yanzu gayya ta ja baya, sai aka koma auna mutum da girman akwatin lefe. Asara muka yi a nan, domin akwati ba ya faɗin halin mai shi.

Bari in juya ga wani ɓangare, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi.

Idan kana son sanin abin da mata ke so da gaske, kada ka tsaya a kan budurwa. Je ka tambayi wadda ta yi shekara goma a ɗakin miji. Ko ka tambayi bazawara. A Amurka ma an gwada ko abin da mutum ke faɗa shi ne abin da yake so. A wani nazari da aka buga a shekarar 2008, wasu masu bincike a Jami'ar Northwestern sun sa ɗalibai su rubuta irin wanda suke so. Daga nan suka haɗa su gaba da gaba, kowa ya zanta da kowa na 'yan mintoci. Sai aka tarar abin da mutum ya rubuta a takarda daban, wanda zuciyarsa ta karkata gare shi daban. To haka budurwa take. Abin da take faɗa a gaban ƙawaye, rabinsa na ƙawayen ne. Wadda ta ɗanɗana zaman ita ce ta san abin da ke hana barci.

Ku saurari matan aure a gidan biki, ko a hanyar dawowa daga Islamiyya, ko ranar kwasar adashi. Da wuya ka ji wadda ke kuka don mijinta ba shi da mota. Kukan daban ne. Ya fita tun asuba bai bar cefane ba, bai kuma ce komai ba. Ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, wata da watanni, babu aike babu waya. Ya karɓi kuɗin adashinta da sunan rance, in ta tuna masa ya zama faɗa. Yana majalisa har tsakar dare, in ya shigo ko sannu babu. Ya zage ta a gaban 'ya'yanta. Uwarsa ta yi mata ba daidai ba, ya san gaskiya, ya yi shiru.

Akwai kuma wanda ya fi damun yankinmu na noma, bari in ɗan daɗe a kansa. Kaka ta yi. Allah ya ba da masara da dawa da waken suya. Uwargida ta sha wahala tun damina. Ita ta dafa wa 'yan ƙwadago abinci. Ita ta yi sussuka da shiƙa. Wataƙila akuyarta aka sayar aka cika kuɗin taki. To amfani ya zo gida, sai maigida ya loda buhuna ya nufi kasuwar Dandume ko ta Funtuwa. Kuɗi ya shiga hannu, sai maganar ƙarin aure ta taso. Ba na sukar ƙarin aure, addini ya halatta shi da sharaɗin adalci. Abin da nake suka shi ne lissafin. Kafin ruwa ya sake sauka rumbu ya koma fanko. Watan Yuli da Agusta ana awo tiya-tiya da tsada, baki ya ƙaru, abinci ya ragu. Ita uwargida ce za ta koma suyar awara da ƙuli-ƙuli don yara su ci.

Ku gaya mini, wannan matar kuɗi ta rasa? Kuɗi ya shigo gidan, da idonta ta gani. Abin da ta rasa shi ne namijin da ke tunanin gobe, wanda zai zauna da ita ya ce, ga abin da muka samu, ga abin da za mu ajiye. Shi ya sa za ka ga matar mai gona ɗaya tana cikin walwala, ta mai gonaki biyar kuwa ta rame. Kwanciyar hankali dai, masu sauraro. A nan maganar take.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin Faɗimatu 'yar Ƙaisu. Maza biyu suka nemi aurenta, Mu'awiya da Abu Jahmi. Ta je neman shawara wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Sai ya nuna mata cewa na farko ba shi da abin hannu, na biyu kuma mai saurin ɗaga sanda ne. Ya ba ta shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu. Ku duba abubuwa biyun da aka auna. Za a ci a sha? Kuma za a zauna lafiya babu duka? Don haka yarinyar da ta tambayi sana'arka ba ta yi laifi ba. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana haƙƙinta ne. Wadda kuma ta ji labarin ka taɓa fasa wa matarka baki ta ce ba ta yi, ita ma ba ta yi laifi ba.

Ku tuna kuma da Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda. Ita ce mai dukiyar. Manyan Makka sun neme ta ta ƙi. Abin da ya ja hankalinta shi ne gaskiya da riƙon amanar da aka ba ta labari bayan fataucin Sham.

To, kada a ce na ɗaure wa mata gindi. Bari in faɗi nasu.

Akwai 'yan matan da babbar waya ta rufe wa ido. Akwai masu tara samari biyar, kowa da ranarsa, ana karɓar toshi da kuɗin zance, alhali an san ba za a aure su ba. Wannan zalunci ne. Akwai kuma iyaye mata, ku yi haƙuri, da ke buɗe lefe a gaban 'yan unguwa ana ƙirga atamfa da leshi, ana gwada na wance da na wance. Yaro yana da hali, yana da sana'a, yarinya tana son sa, amma a ce akwatinsa bai cika ba. Sai a ba wanda ya cika akwati, bayan shekara guda ta dawo da goyo da takarda. Wannan yana faruwa, kuma duk mun san gidajen da ya faru.

Amma ko a nan, mu tambayi kanmu dalili. Me ya sa maganar kuɗi ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Taki ya yi tsada, kuɗin mota ya yi tsada, magani ya yi tsada. Ga matsalar 'yan bindiga da ta hana wasu zuwa gonakinsu na nesa, ta raba wasu da shanunsu, ta bar mata da marayu. Ga saki da ya zama abin wasa a bakin wasu mazan. A Kano sai da hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa tun 2012, saboda yawansu. Yarinyar da ta tashi ta ga an sako yayarta da 'ya'ya uku ba ko sisi, me kake so ta koya? Ta koyi cewa alkawarin baki ba ya sayen magani. Sai ta kama abin da ido ke gani. Wani abin da muke kira kwaɗayi, tsoro ne. Wadda ta tabbata ba za a wulaƙanta ta ba, ba ta cika tsananta farashi ba.

Saura abu biyu, zan taƙaita.

Na farko, so da sha'awa. Mukan yi kamar mace ba ta da ido. Tana da shi. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah ta ce ba ta ga aibin mijinta a addini ko hali ba, amma ba za ta iya zama da shi ba. Aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba auren. Khansa'u 'yar Khizamu kuma mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, aka warware. Duka suna cikin Bukhari. Don haka maigida, in ka dawo daga gona, ruwa da sabulu ba su da tsada. Asuwaki ma haka. Fara'a kuwa kyauta ce. Mutum yana ta raha a majalisa, yana shiga gida sai ya haɗe rai, wai kada a raina shi. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan taya iyalinsa aikin gida. Wane ne kai da za ka ce ɗaukar yaro mai kuka ya rage maka girma?

Na biyu, lafiya da shaye-shaye. Yau iyaye da 'yan mata suna tambayar abin da a da ba a tambaya. Yana shan ƙwaya? Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma duk mun san kayan maye ba su bar unguwanninmu ba. Ana kuma tambayar gwajin jini. Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024, har da na sikila. Saurayin da aka ce ya je gwaji ya hau fushi, ya riga ya ba da amsa. Wanda kuwa ya ce mu je tare, ya kwantar da hankalin gida guda. Haka wanda ya yarda ta ƙarasa karatunta, ko ta ci gaba da ɗinkinta, ya kuma cika bayan an ɗaura. Haka wanda in naƙuda ta tashi cikin dare zai nemo mota a tafi asibiti, ba ya tsaya jiran gari ya waye ba. Mata suna ba juna labarin irin waɗannan mazan, kuma sunansu yana zagayawa fiye da na masu kuɗi.

Masu sauraro, lokaci ya ja, sai in bar ku da 'yar magana.

Samari, gobe in za ku zance, ku je da babur ɗinku ko da ƙafarku. Ku faɗi sana'arku yadda take. In kun sa rana, ku cika. In ba ku da sana'ar, rani yana zuwa, ga noman rani, ga ɗinki, ga gini, ga gyaran waya, a kama ɗaya.

Iyaye maza, kafin ku amsa wa kowa, ku sa uwarta ko gwaggonta ta zauna da ita a ɗaki ta tambaye ta. Ku bincika yaron a wurin maƙwabtansa da abokan sana'arsa, ba a wurin wanda ya rako shi ba. Iyaye mata, a rage ƙirgar lefe a gaban jama'a, don Allah.

'Yan mata, ku ma ku faɗi gaskiya. Wanda ba ku so, ku sallame shi tun da wuri, kada ku ci kuɗinsa.

Ku kuma magidanta da ke sauraro tare da iyali, na san wasunku sun yi shiru tun da aka zo maganar rumbu. Ba komai. In an rufe rediyo, ku tambaye ta abin da ya fi damunta a gidan nan, ku bari ta kai ƙarshen maganarta kafin ku amsa.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana ƙarshen tashin hankalin da ke yankinmu.